Ƙarshen da Na Sauya wa Tatsuniyar Yarinya Mai Zare

Zuwa ga Uwata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da kewar da ta fi gaisuwar yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara, da kuma mahaifiyarki Yaya, wadda nake roƙon Allah kullum ya sassauta mata, ya sa ciwon ya zama kankarar zunubi, ke kuma ya ƙara miki haƙurin jinya. Takardarki ta iso ranar Talata. Telan da ke ƙasan benenmu ne ya hawo mini da ita, yana haki yana cewa in dai na nace sai na zauna a hawa na uku, to in nemo masa sababbin gwiwoyi. Na ce masa in ya samu inda ake sayarwa ya fara kawo mini. Ni dai alhamdu lillahi. Ƙafar ce har yanzu, da safe sai na lallashe ta kafin ta yarda ta taka ƙasa, idon kuma sai da gilashin ƙara girma, shi ya sa za ki ga rubutun yana hawa yana gangarowa. Ɗana, ɗan'uwanki, yakan bugo waya ƙarshen wata, ya tambaya ko akwai magani, in ce akwai, ya ce to madalla. Aiki ya yi masa yawa, ban ga laifinsa ba. Tun rasuwar matata ɗakin nan ya yi mini faɗi, wani lokaci sai in wuni ban buɗe baki ba in ba salla ba.

Na karanta abin da kika rubuta sau uku. Kin ce makarantar su autarki za ta yi wasan kwaikwayo da tatsuniyar Yarinya Mai Zare, an zaɓe ta ta zama yarinyar, tana yawo a falo da zaren saƙa a wuyan hannu, wanta kuma yana bin ta da rula a matsayin takobi yana cewa shi ne zai ceto ta. Kin ce duk sa'ad da suka fara sai Yaya ta dafa bango ta koma ɗaki, rannan kuma kin shiga kin tarar tana share hawaye, da kika tambaya ta ce hayaƙin girki ne, alhali ba a kunna wuta ba. Sai kika tuna sunana ne a ƙarƙashin tatsuniyar a tsohon littafin karatu, kika ce in gaya miki asalinta, ko akwai abin da ba ki sani ba. Akwai, Uwata. Kwana huɗu ina ɗaukar biro ina ajiyewa. Ki karanta wannan ke kaɗai tukuna, domin rabin abin da ke ciki sirrin mahaifiyarki ne, ba nawa ba, kuma ban nemi izininta ba.

Tatsuniyar ba ni na ƙirƙire ta ba, ta girmi kakannin kakanninmu. A bakin Kaka na fara jin ta, kuma yadda take faɗin ta babu dodo, babu takobi. A shekarar yunwa ne, wata mata tana da 'ya'ya biyu, mace da namiji, hatsin da ya rage ba zai kai su uku ba. Sai ta ja 'yar zuwa mashigar kogi inda matafiya ke tsallakawa, ta ɗaura mata zare a hannu, ta ɗaure ɗaya bakin a jikin bishiya, ta ce ta jira, in ta ji an ja zaren to uwarta ce ta dawo. Yarinya ta jira. Duk sa'ad da iska ta kaɗa reshe zaren ya motsa sai ta miƙe. A bakin Kaka nan tatsuniyar take ƙarewa, da zaren da ya ruɓe a jikin bishiya, babu wanda ya san abin da ya sami yarinyar. Na taɓa tambayarta don me aka ɗaure ta, ta harare ni ta ce don kada ta bi uwarta gida mana, in ba haka ba wane yaro ne zai tsaya. Ta ce ita ma kakarta ta gaya mata cewa kafin abin ya zama tatsuniya labari ne, an yi shi, ba sau ɗaya ba, ana zaɓen inda jama'a ke wucewa ne ko Allah zai sa wani ya tausaya ya ɗauka. Maƙwabtanmu kuwa ba haka suke faɗin ta ba. A gidansu yarinyar ce mai taurin kai, an ce ta zauna ta ƙi, shi ya sa aka ɗaure ta, shi ya sa ta ɓace. Kowane gida ya sassaƙe ta yadda zai iya haɗiyewa, amma a zamaninmu ba wanda ya kai ga cire uwar daga ciki.

Yanzu ga abin da ba a gaya miki ba. Kin tashi kina jin cewa Yaya ta yi ƙuruciyarta a wurin wasu 'yan'uwa. Ba 'yan'uwa ba ne. Shekarar da mahaifinmu ya rasu damina ta ƙi, aikin wankau da mahaifiyarmu ke yi ya tsaya domin masu ba ta su ma sun koma wanke nasu. Yaya tana da shekara takwas, ni biyar. Wata safiya Inna ta yi mana wanka, ta kai mu tashar mota, ta tsaya magana da wata mata mai manyan jakunkuna. Sai ta ce wa Yaya ta riƙe wa matar hannun jaka, kada ta saki, za ta je ta kai ni wani wuri ta dawo. Matar ta miƙo mini burodi guda cur, mai ɗumi. Uwata, wannan burodin shi ne abin da na fi tunawa a ranar. Na cinye shi a hanya, ban waiwaya ba ko sau ɗaya. Bayan nan aka riƙa samun abinci a gida, shekara mai zuwa aka sa ni makaranta, har da takalmi. Yaya ta yi shekara tara tana wanke-wanke da raino a gidan mutanen da ba su taɓa kiran ta da sunanta ba. Tabon da ke damtsenta na dama, wanda take cewa na ƙuruciya ne, daga can ta zo da shi. Kada ki zargi Inna. Na yi shekaru ina auna abin, ban ga wata ƙofa da ta rage mata ba, kuma har ta rasu ba ta ƙara bi ta gaban tashar nan ba, sai ta zagaya ta bayan kasuwa ko da kaya a kanta.

Da Yaya ta dawo ba wanda ya ɗaga maganar, ita ma ba ta ɗaga ba. Amma ta dawo da baki na tatsuniya irin wanda ban ƙara ji ba. Da la'asar in ta zauna a bakin ƙofa tana ninke kaya, yaran layinmu sai su kewaye ta, har matan aure su fito da tsintar wake a faranti don su ji. Tana sauya murya, tana kwaikwayon tafiyar tsohuwa, tana sa mutum dariya har ya riƙe ciki. In aka matsa mata sai ta yi ta Yarinya Mai Zare, kuma tata daban ce da ta kowa. A tata, yarinyar ta iya kwance ƙullin. Ita ce ma ke ɗaure wa uwarta bakin buhu a gida, ƙullin bai fi ƙarfinta ba, kuma ta ga hanyar da uwar ta bi. Amma ta san abin da ya rage a tukunya, ta san na mutum nawa ne, sai ta zauna ta bar zaren a hannunta. Wani matafiyi ya tsinke shi ya tafi da ita, ta yi bauta, ta girma, ta nemo hanyar gida da ƙafarta. Ta yi sallama, uwar ta fito ba ta gane ta ba, ta kawo mata ruwa a kofin baƙi. Shi kuwa ƙanen, a duk tsawon tatsuniyar abu ɗaya yake yi, cin abinci. In ta zo wurin sai ta kumbura kumatu ta kwaikwayi tauna, yara su fashe da dariya, ni ma in yi dariya tare da su. Ina da shekara goma sha huɗu, na fi kowa maki a aji, amma ban gane ba.

A maɗaba'a na gane. Kin san a can na yi aikina, daga jera haruffan dalma har na zama mai gyaran rubutu. Shekarata ta huɗu aka kawo aikin littafin karatu na yara, aka ce duk ma'aikacin da ya san tatsuniya mai kyau ya rubuto, za a sa sunansa. Na rubuta ta Yaya yadda take faɗi, ban rage komai ba. Shugaban sashenmu, wanda muke kira Mai Tabarau, mutum ne da bai iya yabo ba, amma da ya karanta sai ya cire tabaran ya daɗe yana goge su, ya ce kada in taɓa ko ɗigo, a jera ta haka. Ni da kaina na jera ta. Wanda bai yi aikin ba ba zai sani ba, mai jera dalma harafi ɗai-ɗai yake ɗauka, ba ya iya tsallake komai. Da na zo kan yaron da ke cin abinci, ina ɗaukar haruffan ina sakawa, sai na ji ƙamshin burodin nan a hancina kamar yanzu aka miƙo mini. Na tsaya da dalma a hannu har abokin aikina ya taɓa ni ya ce ko aljanu ne suka ziyarce ni. Na ga littafin zai shiga kowace makaranta, da sunana a ƙasa, kowa ya karanta yadda na ci na ƙoshi. Ba wanda zai san ni ne, amma a lokacin gani nake duk duniya za ta sani.

Sai na ce wa Mai Tabarau akwai kurakurai, na karɓo takardar na tafi da ita gida ranar hutu. Na ɗauki jan biro. Na cire yunwa. Na cire uwar, na ce yarinyar ce ta bi wani tsuntsu mai kyau har ta yi nisa, dodon kogi ya kama ta ya ɗaure da zare. Sannan na ɗauki yaron nan mai kumatu na ba shi takobi da doki, na sa ya girma bai yi barci mai daɗi ba saboda tunanin yayarsa, ya ratsa daji bakwai, ya sare dodo, ya yanke zaren, ya ɗauko ta a bayan doki ana kiɗa. Mai Tabarau ya karanta ya dube ni ta saman gilashi, ya ce na ɗauki nama na mayar da shi alewa, amma tunda sunana ne a kai, ni na sani. Takardar farko kuma na yayyaga ta na zuba a kwandon shara na ofis.

Da ma a nan na tsaya. Da littafin ya fito sai na sa sabuwar kwat na tafi gidanku da shi. Yaya tana tsakar gida tana guga, lokacin tana karɓar gugar mutane, ke kina kan tabarma ba ki fara tafiya ba. Mahaifinki, Allah ya jiƙansa, ya dawo daga aiki, ya kira maƙwabta ya ce su zo su ji, surukinsa ya shiga littafi. Na tsaya a tsakiya na karanta da murya irin ta rediyo. Aka tafa. Mahaifinki ya buga mini kafaɗa ya ce ashe ƙannen zamani jarumai ne, shi nasa ko tsintsiya ba ya iya ɗauka. Yaya ba ta ɗaga kai daga rigar da take gogewa ba. Ta tambaya a hankali ina uwar ta shiga, wa ya ɗaura zaren. Na ce shugabanmu ne ya cire, ya ce ba a sa wa yara irin wannan a littafi. Ƙaryar farko da na yi mata ke nan. Da ta sake buɗe baki sai na ji tsoron abin da za ta faɗa a gaban mutane, na riga ta, na ce tatsuniya ba gadon kowa ba ce, kuma aikin littafi sai wanda ya shiga aji, ba hirar bakin ƙofa ba ne. Na faɗi wannan ga matar da ta riƙe hannun jaka don in shiga ajin. Ta juya rigar, ta ɗora dutsen guga, ta ce to Allah ya sa albarka, yaron ya kyauta, da ma ya zo da wuri. Mutane suka yi dariya, sun ɗauka barkwancinta ne na kullum.

Daga ranar ba ta ƙara yin tatsuniya ba, ko ɗaya. Kin taɓa ce mini kina mamaki yadda mahaifiyarki ba ta san tatsuniya ba, ke a littafin Kawu kika koya. Na yi murmushi na ce kowa da baiwarsa. Ni na raba ki da ita, Uwata, ke da 'yan'uwanki. Kuma ba ta taɓa yi mini fushin da zan gani ba. Ita ta yi jinyar matata wata biyu, ita ta yi wa ɗana wankan farko, in na je gidanta sai ta zaɓo mini tsoka mafi kyau. Da ta zage ni da na sami sauƙi. Tawa tatsuniyar kuwa ta bazu kamar gobara. Wasu littattafan suka kwafa, aka yi ta a rediyo, yanzu telanmu ya nuna mini a wayarsa an yi ta da zane mai motsi, yarinyar ta zama 'yar sarki, zaren na zinariya, dodon ma yana waƙa. Watan jiya a layin asibiti na ji wata mata tana yi wa 'yarta don ta daina kuka. Bakina ya suɓuce na ce a da babu dodo a ciki, uwar ce ta ɗaure ta. Ta ja 'yarta jikinta ta ce haba Baba, wace irin uwa ce za ta yi haka, ai ita a littafi ta karanta, in ban sani ba in tambaya. Na ce gaskiyarta.

Sau biyu cikin shekarar nan na sa aka kira mini ke a waya don in gaya wa Yaya, kin tuna, kika kai mata. Na farko na ƙare da tambayar ko ana ruwa a wajenku. Na biyu ta ce muryata ta yi rauni, ko ina cin abinci sosai, sai na ce layin ba kyau. Likita ya hana ni doguwar tafiya, ke kuma kin rubuta cewa zuciyarta ta yi rauni, barcinta ya fi farkawarta yawa. Ni saba'in da tara, ita tamanin da biyu. Ba na jin akwai sauran lokacin da zan ci gaba da jiran ƙarfin hali. Don haka ga roƙona. In kin ga ranar da ta ɗan ji daɗin jikinta, yara suna makaranta, ki zauna kusa da ita ki karanta mata daga inda na fara maganar maɗaba'a. Kada ki gyara, kada ki tausasa, na san halinki na rufa wa manya asiri. In ta ce ki tsaya, ki tsaya. Abu biyu nake so su shiga kunnenta. Na ɗaya, Mai Tabarau bai cire komai ba, mutumin ya rasu da laifin da na ɗora masa, ni ne da hannuna. Na biyu, yaron bai je ba. Bai hau doki ba, bai nemi hanya ba, ko tambayar inda aka kai ta bai yi ba. Ya sani, kuma ya daɗe da sani.

Ban ce ki roƙa mini gafara ba. In ta bayar don kanta, na gode wa Allah, in ba ta bayar ba, hakkinta ne, kada ki matsa mata da cewa tsoho ne, ɗan'uwanki ne. Wasan yara kuma ki bar su su yi, ba laifinsu ba ne, sai dai su koma yin gwajin a wani wuri. Amma akwai abu ɗaya da nake kwaɗayi. A tatsuniyar Yaya, bayan uwar ta kawo ruwa a kofin baƙi, yarinyar takan sha, ta ajiye kofin, ta faɗi wata magana guda ɗaya, a nan ake rufewa. Ina tuna yadda matan layinmu ke yin tsit in an zo wurin, ina tuna wata da ta rufe fuska da mayafi. Maganar ce na manta. Na ja mata jan layi da hannuna, kuma shekara hamsin ke nan ina nemanta a kaina ban samu ba. Ban san ko yafewa ta yi ba, ko tambaya ta yi, ko sunanta kawai ta faɗa. Duk waɗanda suka ji sun rasu, ba ta cikin kowane littafi. Mutum ɗaya ya rage da ita a duniya, tana kwance a ɗakin da ke kusa da naki. In ta yarda ta faɗa, ki rubuta yadda ta fito daga bakinta, ki sa sunanta a ƙasa, ki ajiye wa 'ya'yanki har su yi hankali. Ba sai kin aiko mini ba in ta ce kada a ba ni.

Ki gaishe da maigidanki, ki ce na gode da ɗawainiyar da yake yi da surukarsa, Allah ya saka masa. Ki gaishe da babban ɗanki mai takobin rula, da ɗan'uwansa Sarkin Surutu, da autarki, Allah ya raya su ya sa su fi mu. Ki gaishe da ƙanwarki malamar jinya in ta zo hutu, da Baffansu direba da iyalinsa. Tela ma ya ce lallai in sa gaisuwarsa, tunda shi zai sauka da takardar. Yaya kuwa ban san da wace fuska zan gaishe ta a ƙarshen irin wannan takarda ba. Ki bari sai kin gama karanta mata. In ta yi shiru, ki bar ta da shirunta. In ta tambaya ko na ce wani abu kuma, ki ce ƙanenta yana gaishe ta, yana nan inda yake, yana jira.

Wassalam.

Ni ne naki,
Kawu